Farin ɗigo a jikin kifin ruwan gishiri: ya ɓace kuma ya dawo, wane magani zan zuba?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da tankin kifin ruwan gishiri a gida nan Abuja, lita 300, akwai kifi bulu tang ɗaya, kilawun guda biyu, da wasu ƙanana guda uku, sai jatan lande da dutse mai rai da ɗan murjani. Kwanakin baya na sayo sabon kifi na zuba shi kai tsaye. Ba a jima ba sai naga farin ɗigo-ɗigo a jikin bulu tang ɗin, yana ta goga jikinsa da dutse. Mai shagon yace in riƙa sa tafarnuwa a abinci in kuma ƙara zafin hita, nayi, kwana huɗu ɗigon ya ɓace nace alhamdulillah. Yanzu ya dawo ya fi na da yawa, har kilawun ɗaya ya fara. Wani abokina mai kiwon tarwaɗa yace in ƙara gishiri. Dan Allah wace cuta ce wannan, kuma wane magani zan zuba a tankin ba tare da murjanin ya mutu ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da fama. Abinda kake son sani abu uku ne in na fahimce ka: wace cuta ce, me ya sa ta tafi ta dawo, da kuma ko akwai maganin da zaka zuba a babban tankin ya kashe cutar ya bar murjani da jatan lande. Na ƙarshen bari in fara amsa shi tunda shi ne zai fi ɓata maka rai, babu. Duk maganin da ke da ƙarfin kashe ƙwaron da ke kawo cutar nan da gaske to zai kashe murjaninka da jatan landenka da dodon koɗi, kwalaben da ake rubuta cewa ba sa cutar da murjani kuwa ni dai ban ga wanda ya raba tanki da cutar nan ba. Kifin ake fitarwa a yi masa magani a wani wuri, shi kuma tankin a bar shi babu kifi har ƙwaron ya mutu da yunwa. Amma kafin mu kai can sai mun tabbatar da wa muke faɗa.

Fara kallon numfashi kafin fata

Yawancin mutane in suka ga ɗigo sai hankalinsu ya tafi kan ɗigon, alhali abinda ke kashe kifi ba a fata yake ba, a wurin numfashi yake, wato jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin gefen kansa. Ka zauna gaban tankin ka ɗauki bidiyo da waya, ka ƙirga sau nawa marfin yake buɗewa a daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Kifin da ke hutawa lafiya lau numfashinsa a natse yake, ni in na ga ya kai wajen 140 a minti ɗaya, kifin kuma ya je ya tsaya a bakin famfo inda ruwa ke bugowa, ko yana ɓuya daga haske ya daina cin abinci, toh wannan ba maganar gobe bace, yau za a fara aiki.

Dalili shine akwai cututtuka biyu da ake yawan rikitawa. Ta farko ita ce wadda masu kiwo ke kira ik, ƙwaronta sunansa Cryptocaryon irritans. Ɗigonta fari ne sarai, girman ƙwayar gishiri, zaka iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a fikafikai da jiki har a kan ido, kifin yana soshe-soshe da dutse amma galibi yana cin abincinsa, kuma tana tafiya a hankali, sati-sati. Ta biyu ita ce belbet, Amyloodinium ocellatum. Ita ɗigonta ƙanana ne ƙwarai ba sa ƙirguwa, sai ka kashe fitilun ɗaki ka haska tocila daga gefe sannan ka ga kamar hoda mai ɗan ruwan zinari a jikin, kuma wurin numfashi take fara kamawa, sau da yawa kifi ya mutu ba a ga komai a fatarsa ba. Belbet tana iya share tanki gaba ɗaya cikin kwanaki kaɗan.

Daga abinda ka bayyana, ɗigo a bayyane, a jikin bulu tang aka fara (su dama tang sun fi kowa saurin kama ta), ya ɓace bayan kwana huɗu ya dawo da yawa, kuma har yanzu ba ka ce wani ya mutu ba, hankalina ya fi kwanciya kan ik ce. Amma tunda kilawun ya shigo maganar ka duba shi da kyau, domin su suna da tasu cutar, Brooklynella, wadda ba ɗigo take yi ba, yauƙi ne fari yake tarewa a jiki yana saɓulewa kamar fatar na zagwanyewa, kifin ya yi laushi ya kwanta yana haki, kuma tana kisa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. In haka ka gani maganin ya canza gaba ɗaya, zan zo kansa.

Sauran abubuwan da ke fitowa a fata ba zan daɗe a kansu ba. In ka ga wani farin tsiro guda ɗaya ko biyu mai ƙulle-ƙulle a bakin fiffike, baya motsi baya yaɗuwa da sauri, yawanci limfosistis ne, bairos ke kawo shi, ba shi da magani kuma baya buƙata, da ruwa mai kyau da abinci yake faɗuwa da kansa. In ido ya yi hazo, fikafikai sun yayyage, kifi yana girgiza kai yana hamma, ka yi zargin tsutsotsin fata irin su Neobenedenia. Baƙin ɗigo a jikin tang mai ruwan ɗorawa wata tsutsa ce daban. Jan miki a jikin ƙananan kifin da ake kira kuromis sau da yawa Uronema ne, shi wannan mugu ne don yana rayuwa a tanki ko babu kifi. Ramuka kuma da ke cin fuska da layin gefen jikin tang ba ƙwaro bane sam, an fi danganta shi da ƙurar gawayin filta da abinci mara inganci.

Me ya sa ya ɓace ya dawo

Nan ne mutane suke asarar kifi, kuma nan ne tafarnuwa ta samu sunan da ba nata ba. Ƙwaron ik yana kutsawa ƙarƙashin fatar kifi ya zauna yana ci kwana 3 zuwa 7, farin da kake gani shine shi da kumburin da fata ta yi a kansa. In ya ƙoshi sai ya saki kifin ya faɗo ƙasa da kansa, ya manne a yashi ko dutse ko gilashi, ya rufe kansa da ɓawo mai tauri ya shiga rarrabuwa a ciki. Ɗaya tak yana iya fitar da 'ya'ya wajen 200. Yawanci suna ƙyanƙyashewa tsakanin kwana 3 zuwa 28, kuma da daddare zuwa asuba suke fitowa lokacin da kifi ke kwance a maɓoyarsa, shi ya sa kifin da ke kwana a rami ɗaya kullum yake shan kashi. Waɗannan 'ya'yan in ba su samu kifi ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu mutuwa suke.

Kaga kenan ranar da ka ce alhamdulillah ɗigo ya ɓace, ba tafarnuwa ta kore shi ba, lokacin saukarsa ne ya yi, da ka sa da baka sa ba zai sauka. Kamar kuɗin cizo ne, ka yi wanka ka canza kaya amma katifar na nan da ƙwayayenta. Tafarnuwa iyakarta ta ɗan jawo kifi ya ci abinci, wannan kam tana yi wa wasu. Ƙarin zafi kuma daga kiwon kifin ruwan daɗi aka kwaso shawarar, can akwai wani ƙwaro mai kama da wannan a ido, Ichthyophthirius, amma ba ɗaya suke ba. Na ruwan gishiri yana jin daɗinsa har wajen digiri 30, zafin sai dai ya sa ya yi saurin hayayyafa, ga shi ruwan zafi baya riƙe iskar oksijin sosai, kifin da dama numfashi ke masa wuya ka ƙara shaƙe shi. Ka mayar da hitar digiri 25 zuwa 26 a hankali.

Abokinka mai tarwaɗa ba ƙarya ya yi ba a fagensa, gishiri yana aiki a kan ƙwarin ruwan daɗi saboda jikinsu bai saba da shi ba. Naka ƙwaron a teku aka haife shi, in ka ƙara gishiri kifin kawai zaka wahalar. A wurinmu akasin haka ake yi, rage gishirin ake.

Wani abu da ya kamata ka riƙe: ƙwaron yana ƙarƙashin fata magani baya kai masa, yana cikin ɓawo a ƙasa magani baya kai masa, ɗan lokacin nan da 'ya'yan ke iyo suna neman kifi shine kaɗai ake samunsu. Shi ya sa maganin ik ba na kwana uku bane, dole ya zauna a ruwa da cikakken ƙarfinsa dare da rana har sai na ƙarshe ya ƙyanƙyashe ya tarar da shi.

Tankin jinya

Ka nemi wani tanki, lita 100 zuwa 150 zai ɗauki kifayenka in tang ɗin bai girma sosai ba, ko babbar robar da ake zuba abinci a ciki ma ta yi, sai dai gilashi ya fi don ka riƙa ganinsu. Babu yashi babu dutse, saboda suna shanye maganin su hana ka sanin nawa ne a ruwa. Ka yanka bututun roba na famfo ka zuba musu su samu wurin ɓuya, da hita, da filtar soso, da dutsen da ke fitar da kumfar iska mai ƙarfi, da murfi don suna tsalle. Ka ajiye shi nesa da babban tankin kamar mita 3, raga daban tiyo daban bokiti daban, hannu ma a wanke a busar tsakanin biyun.

Kuma DUK kifin zaka kwashe, har waɗanda ka ga fes suke. Kifin da ya taɓa kamuwa ya tsira yana samun ɗan kariya na wasu watanni, ba zaka ga ɗigo a jikinsa ba amma yana ɗauke da 'yan kaɗan a wurin numfashi, guda ɗaya in ka bari ya isa ya riƙe cutar a tankin. Na san kamo su aiki ne, wani lokaci sai an ɗaga duwatsu, ka daure.

Abinda ya fi kashe kifi a tankin jinya ba cutar bace, amoniya ce, gubar da ke fitowa daga kashin kifi. Sabon tanki ba shi da bakteriyar da ke cinye kashin kifi, cikin kwana biyu ruwa ya zama guba. Ka zuba bakteriyar da ake sayarwa a kwalba a soson filtar, ka manna alamar Ammonia Alert ta kamfanin Seachem, mai nuna amoniya in ta taru, a gilashi, ka haɗa ruwan gishiri ka ajiye a shirye don canji, abinci kaɗan-kaɗan, abinda ya rage ka zuƙe da tiyo. A ƙasar nan kuma ga matsalar wuta, wallahi kar ka fara jinya baka da famfon iska mai batir ko inbata, awa biyu ko uku babu motsin ruwa a ƙaramin tanki mai kifi marasa lafiya ya isa ka tashi ka tarar da gawa.

Zaɓin magani

Wanda nake amfani da shi kuma nake ba ka shawara shine maganin jan ƙarfe, dalilina ɗaya ne, yana kashe ik yana kashe belbet, ko da mun yi kuskuren gane wacce ce ba mu yi asara ba. Sai dai tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa tazarar kaɗan ce, kuma kala-kala ne kowanne da ma'auninsa. Wanda ake sayarwa da sunan Cupramine ana riƙe shi a miligiram 0.5 a kowace lita. Copper Power da Coppersafe su nasu 2.0 zuwa 2.5 ne. Kaga in ka ɗauki lambar wannan ka sa wa wancan ko dai ka kashe kifi ko ka yi wasa da ruwa. Kar ka dogara da murfin kwalba ko ƙirgen ɗigo, ka sayi abin gwaji, na kamfanin Hanna mai nuna lamba ya fi na kallon launi nesa ba kusa ba, ka riƙa gwadawa kullum a makon farko. In ik ce kuma kifi na cin abinci, ka hau da maganin a hankali cikin kwana uku zuwa biyar. In alamun belbet ne babu wannan lokacin, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ka kai. Ranar da ya kai cikakken ma'auni daga nan ake fara ƙirga kwana 30, in ya sauka ƙasa a tsakiya ƙirgen ya koma farko. Saboda haka duk ruwan da zaka canza ka sa masa nasa maganin a bokiti kafin ka zuba.

Abubuwa biyu da ba a haɗawa da shi. Kar ka zuba maganin ɗaure amoniya irin su Prime a ruwan da ke da Cupramine, yana juya jan ƙarfen ya koma nau'in da ya fi guba. Kar kuma ka haɗa shi da rage gishiri. Sannan ka cire gawayi daga filta don yana tsotse maganin. Lokacin zafin Maris da Afrilu ruwa na ƙafewa da sauri, in ya ƙafe gishiri da magani duk ƙaruwa suke, ka ja layi a gilashi ka riƙa cikawa zuwa layin da tataccen ruwa mara gishiri.

Hanya ta biyu ita ce rage gishirin ruwa daga 1.025 zuwa 1.009 a ma'aunin gishirin ruwa cikin kwana biyu a riƙe shi haka kwana 30, sannan a dawo da shi sannu a hankali, kamar 0.002 a rana, don hawan ya fi saukar wahalar da kifi. Tana aiki a kan ik da tsutsotsin fata, bata aiki a kan belbet, kuma sai da rifiraktomita, abin auna gishirin ruwa, da aka saita daidai, wancan ma'aunin na roba mai allura yana ƙarya da yawa, in gishirin ya ɗan haura ba ka sani ba ƙwaron ya ci gaba da harkarsa. Hanya ta uku babu magani a cikinta, tanki biyu ake samu a riƙa mayar da kifi sabon ruwa duk awa 72, sau huɗu, kwana 12, a wanke wanda aka bari a busar da shi ƙaƙas, wato kana gudu ka bar ƙwaron kafin ya ƙyanƙyashe. Dabara ce mai kyau ga kifin da baya jure jan ƙarfe, amma ik kaɗai take wa, ga cin gishiri, kai kuma ka san kuɗin buhun gishirin teku da ake shigowa da shi.

Za ka ji ana maganar kulorokwin, eh wanda muka sani na zazzaɓin cizon sauro, kuma da gaske manyan gidajen kifi suna amfani da garinsa, miligiram 10 zuwa 15 a lita, a kan ik da belbet. Ni dai ba zan ce ka yi shi ba. Babu abin gwada shi a gida, haske da bakteriya suna lalata shi ba ka sani ba, na ruwa da ake ba yara sukari ne a ciki, ƙwayoyin kanti kuma akwai gauraye, sannan masu kiwo da yawa sun ga bulu tang baya jure shi.

In kuwa Brooklynella ce a jikin kilawun ɗin, jan ƙarfe ba zai yi ba, fomalin ne mai kashi 37 cikin ɗari, mililita 0.15 a kowace lita a bokiti daban, minti 45 da iska mai ƙarfi sosai don yana cinye oksijin, kana tsaye a kai, in kifi ya kife ka cire shi nan take, daga nan sai tanki mai tsabta, a maimaita bayan kwana biyu-biyu. Ba a yi wa kifi mai buɗaɗɗen miki. Kai ma ka sa safar hannu ka buɗe taga, fomalin yana cikin abubuwan da ke jawo kansa, in ka ga farin abu ya kwanta a gindin kwalbar ya lalace kar ka yi amfani da shi. Tsutsotsin fata kuma firazikwantel ne maganinsu, wanda ake ba yara na tsargiya, kamar miligiram 2.5 a lita, a sake bayan mako ɗaya saboda baya kashe ƙwai.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da nake yi wa kusan duk kifin da ke shiga jinya: tsoma shi a ruwan da babu gishiri minti 5, mara kulorin, zafinsa da ma'aunin tsaminsa (pH) daidai da na tanki, da iska, a roba mai duhun launi. In akwai Neobenedenia zaka ga sun yi fari sun zubo, girman ƙwayar riɗi. In belbet ce yana rage masa nauyin wurin numfashi ya samu sararin da magani zai fara aiki. Ik kam baya cire ta don tana ƙarƙashin fata, kar ka ɗauka ka yi magani.

Shi kuma babban tankin

Ka bar shi yana aiki yadda yake, fitila, famfo, murjani, jatan lande, dodon koɗi, duk ba sa kamuwa, ka riƙa jefa ɗan abinci don bakteriyar filta kar ta mutu. Kifi ne kawai babu. An taɓa samun ƙwaron da ya yi kwana 72 a cikin ɓawo kafin ya fito, a ruwa mai ɗan sanyi, daga nan aka samo kwana 76 da ake cewa a bar tanki babu kifi. Wasu suna ɗaga zafi zuwa digiri 27 su tsaya a kwana 45, yana yi musu, ni dai na fi son 76 tunda an riga an sha wahalar. Bayan kwana 30 na magani kifin su zauna a tankin jinya cikin ruwa mai tsabta kana lura da su har lokacin ya cika, ka ba tang ɗin ganyen teku busasshe kullum don jan ƙarfe na rage masa cin abinci. A wannan tsakanin ko sabon murjani ko dodon koɗi ka saka ƙirge ya koma farko, don ƙwaron na mannewa a jikin duk wani abu mai tauri. Fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa da kifin nan mai tsince jikin 'yan'uwansa suna iya rage yawa amma ba sa gamawa da ita, shi mai tsincen ma kamuwa yake.

Duk wannan da na faɗa daga bayaninka na gina shi, ban ga kifin ba. Tabbaci na gaske sai an ɗan kankaro yauƙin jikinsa an duba a madubin likita, nan take ake bambance su, in kana da likitan dabbobi ko wani a sashen kiwon kifi na jami'a da zai duba maka ka kai. In kuma miki ya fara ja ko fiffike na ruɓewa bakteriya ta shigo, wannan maganin antibayotik ne kuma gara likita ya zaɓa maka. Kai kanka in kana da ciwo a hannu kar ka tsoma shi a tankin babu safa, akwai bakteriyar Mycobacterium marinum da ke shiga ta yanka ya yi ƙurji mai daɗewa baya warkewa, in ka ga irinsa ka gaya wa likita kana kiwon kifi. Ka turo min bidiyon minti ɗaya na tang ɗin da kilawun ɗin a farin haske ba shuɗi ba, da ƙirgen numfashinsu, da sunan maganin jan ƙarfen da ka samu da girman tankin jinyar, sai in lissafa maka adadin da zaka fara da shi.